Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Kayan Maraɗi a tashar Legas

Makon jiya na tsaya a inda na bar aikin masana'antar kaji na kama harkar aika kaya gida Nijar daga Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka. Shekarun da ke tsakani ba su da wani abin faɗa. Yau dai sai na amsa wa ɗan Baffa, wanda tun zuwana gida na ƙarshe yake maimaita wa mutanen zaure cewa na ƙare rayuwata a cikin jahilai, wai Amurkawa ko Afirka ba su iya nunawa a taswira. Kawu, Allah ya jiƙansa, yakan ce kowa malami ne a hanyar gonarsu. Da wannan maganar na auna Amurkawa, da ita kuma zan auna ɗan Baffa.

Ban ce ƙarya yake yi gaba ɗaya ba. A 2006 ƙungiyar National Geographic ta Amurka ta yi bincike kan matasansu 'yan shekara 18 zuwa 24, kusan shida cikin goma suka kasa nuna Iraƙi, alhali sojojinsu na can suna yaƙi. Rabinsu ma jihar New York suka kasa ganowa. Sai dai shi ɗan Baffa dariya kawai yake yi, mu kuwa kuɗi abin yake ci mana.

Ga yadda kaya ke ɓata. A kwamfutar ma'aikaci sunayen ƙasashe a jere suke, Nijar a sama, Najeriya daf a ƙarƙashinta. Ka ce Nijar, shi a kunnensa ka gajarta Najeriya ne, sai ya gyara maka don kyautatawa. In ka rubuta lambar ƙasa ta haruffa biyu, NE, ka ƙara jefa kanka, domin a wurinsu NE jihar Nebraska ce. Najeriya NG ce, NI kuma Nikaragwa. Saboda haka a kan kwali ana rubuta sunan ƙasa cikakke da manyan haruffa, shi kaɗai a layin ƙarshe, sunan gari a samansa, sannan lambar wayar mai karɓa da 227 a gaba. Kada ka bar gaban ma'aikaci sai ya buga takarda ka karanta da idonka. Waya ma haka: ba ka sa 011 ko alamar tarawa kafin 234 ta Najeriya ba, Ohio za ka kira, ba Kano ba, don lambar wani yanki ce a can.

Kwantena ta fi ciwo. Ma'aikacin kamfanin jirgin ruwa zai tambaye ka wace tasha ce a Nijar. Ka ce babu teku, sai ya ɗaga kai ya dube ka kamar kai ne ba ka san ƙasarku ba. Abin da ya kamata a rubuta shi ne tashar sauka Kwatano ko Lome, sannan a nuna ƙarara cewa kaya masu wucewa ne zuwa Nijar. Ba a sa wannan ba, kwastan na can za su ɗauka kayan ƙasarsu ne su nemi cikakken haraji. In kuwa hannu ya zame aka rubuta Legas, kwantena mai ƙafa 40 da motocin mutane a ciki za ta zauna kuɗin ajiya na hawa kullum, kana gyaran takardu ta waya, masu motoci na kiran mahaifiyarka. Tun da iyakar Benin ta rufe bayan juyin mulkin 2023 yawancinmu Lome muka koma, a bi ta Burkina. Ka gwada yi wa ɗan Carolina wannan bayani da safiyar Litinin.

Da 'yata ta shiga makaranta na fara gane tushen abin. Ba su da manhaja ɗaya ta ƙasa, kowace jiha da tata. Labarin ƙasa an cusa shi cikin darasi guda tare da tarihi da tsarin mulki, kuma tarihi ke cinye lokacin. Yaro zai haddace jihohi 50 da manyan biranensu, shi ke nan. Jami'ar Harvard da kanta ta rufe sashen labarin ƙasa tun 1948. Taswirar da aka saba liƙawa a bango irin ta Mercator ce ta 1569, wadda ke nuna Greenland kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Ga ƙasar da faɗi: daga New York zuwa Los Angeles a mota ya haura kilomita 4,000, harshe ɗaya, dala ɗaya, ba mai tambayarka fasfo. Mu a Maraɗi, kafin ka yi tafiyar awa biyu ka canja sefa zuwa naira, jandarma ya koma ɗan sanda, Faransanci ya koma Turanci. Iyaka ce ta koya mana, ba wayonmu ba. Hanyar gonarmu ke nan, in ji Kawu.

Inda ba na yi musu uzuri shi ne manyansu. A Oktoban 2017 da aka kashe sojojinsu huɗu a Tongo Tongo, Sanata Lindsey Graham ya fito a talabijin ya ce bai san suna da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Mai sayar da tambarin wasiƙa ya rikita mu, na yafe. Wanda a lokacin yake sa hannu a kuɗin sansanin sojansu na Agadez kuwa, a'a.

Kuma a garin nan na zauna da tsofaffin 'yan Peace Corps, masu aikin sa kai na gwamnatin Amurka, waɗanda aka yi ta turawa Nijar daga 1962 har 2011. Wata dattijuwa ta gaishe ni da Hausar Gobirawa tsantsa, ta tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar ƙauyen da ta zauna ranar Laraba. Ɗan Baffa da aka haifa a Maraɗi bai taɓa taka ƙauyen ba.

Shi ne fa ya taɓa ba ni saƙon kilishi in miƙa wa abokinsa a Houston da yamma in na taso aiki, tafiyar da ta fi Maraɗi zuwa Legas nisa. Shi ne ya ce in gaida masa wani a Toronto ta Kanada tunda duk Amurka ce. Har yau bai yarda Washington biyu ce ba, birni a gabas, jiha a can yamma. Ban faɗi wannan a zaure ba saboda Baffa na zaune. Gonar Kawu da suka sayar ina nan ban sani ba, ita ma ban tayar ba ranar, amma mako mai zuwa da ita zan fara, in Allah ya kai mu.