Tarhon Inna: yadda na mayar da wayar gidanmu kan intanet a Greensboro

Inna ta iso Greensboro da ke Amurka cikin watan Maris na 2016, kwana goma bayan na haifi auta. Wankan jego ya kawo ta, daga baya zama ya miƙe. Ranar da ta sauka maigida ya miƙa mata sabuwar wayar hannu irin ta shafawa. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka, ta naɗe ta cikin gyale ta tura ƙasan akwati. Ba raina kyauta ta yi ba. Idonta na dama yana da yana, yatsunta kuma sun yi kanta saboda shekarun daka da surfe, sai ta shafa gilashin sau uku bai amsa ba. A Katsina ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, wadda ko cikin duhu ta san inda kowace lamba take.

Abin da ta sake da shi a gidanmu shi ne tsohon tarhon girke da ke falo. Muna biyan dala 35 duk wata a kansa, alhali ba mai kiransa sai asibiti da makarantar yara. Kiran gida Najeriya da shi kuwa tsada ce ta fitar hankali, dole sai da katin kira, wanda za ka danna lambar kamfani, ka danna lambar sirri mai tsawo, sannan ka danna ta wanda kake nema. Inna ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. Ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, maigida direban babbar mota ne da kan yi kwana biyar a hanya. Duk lokacin da kewar ƙanwarta ta taso mata, sai ta jira na tashi daga barcin rana.

Wani maƙwabcinmu mutumin Maraɗi, mai sana'ar ja wa ofisoshi wayoyin intanet, shi ya ba ni labarin Google Voice da wata 'yar na'ura mai suna OBi200. Google Voice tun 2009 yake, yana ba mazaunin Amurka lambar waya, kuma kiran Amurka da Kanada kyauta ne. Kiran ƙasashen waje ne kawai na kuɗi, sai ka zuba dala 10 a asusunka ana cira minti-minti. Ita kuwa na'urar, wadda kamfanin Obihai ke ƙerawa a lokacin, ba ta fi tafin hannu ba. Ta baya ana soka mata wayar wuta, da wayar intanet daga rauta (akwatin da ke raba intanet a gida), da wayar tarho. Aikinta ta mayar da muryar da ta fito daga tarhon gargajiya ta zama bayanan da ke bin intanet, ta kuma yi wa tarhon duk abin da ya saba samu daga kamfani: ƙarar nan da ake ji idan an ɗaga kan waya, da wutar da ke kaɗa ƙararrawa. Tarhon bai san an canza masa komai ba. Inna ma haka, kuma abin da nake nema ke nan.

Na saye ta wajen dala 50. Haɗawar ba ta kai rabin awa ba. Na buɗe asusu a shafin kamfanin mai suna OBiTALK, aka ba ni lamba huɗu, na ɗaga tarho na danna tauraro biyu da 5 sannan lambobin, shafin ya gane na'urar, na shiga da asusuna na Google. Akwai lambar gwaji, tauraro biyu da 9 sai 2 sau tara, wadda ke maido maka da muryarka. Na yi sallama, na ji sallamata ta dawo tangaran.

Riƙe tsohuwar lambarmu mai farawa da 336 shi ya fi cin lokaci. Google Voice ba ya karɓar lambar tarhon girke kai tsaye, sai ta wayar hannu. Don haka sai da na sayi layin salula mai arha, na mayar da lambar kansa, na jira kwanaki ta zauna, sannan na biya dala 20 aka ɗauke ta zuwa Google. Duk wanda zai bi wannan hanya, kada ya kuskura ya rufe tsohon layinsa da kansa kafin a gama, domin lambar da aka rufe ba ta ɗaukuwa. Shi kansa ɗaukewar ke rufe layin.

Na so in soka na'urar a soket ɗin tarho na bango don duk ɗakuna su samu. Allah ya sa na tambayi maƙwabcin nan tukuna. Ya ce, "Hajiya, dakata. Ko an yanke layi, wayar kamfani tana iya ɗauke da wuta, za ta ƙona miki na'ura." Ya zagaya da ni bayan gida, ya buɗe wani akwatin roba ruwan toka da ke manne a bango, ya zare 'yar wayar da ta haɗa gidan da layin waje, ya naɗe bakinta da salatif, ya rubuta a takarda cewa kada a mayar.

Daga nan na shirya wa Inna gajerun lambobi. Idan ta danna 2 da alamar tsani, ƙanwarta ce a Katsina. Na'urar da kanta take cika 011 da 234, lambobin kiran Najeriya daga Amurka, da sauran. 3 ni ce, 4 maigida. Na ɗiga jan farce a kan madannin tsanin don ta riƙa jin tudunsa. Ranar farko da ta kira da kanta ina kicin, sai na jiyo ta tana cewa, "Ke, ni ce. Wallahi da hannuna na kira ki." Sun yi minti arba'in suna lissafin waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu a unguwa.

Ƙananan matsaloli sun biyo baya, duk masu magani. Murya takan kakkatse da yamma idan yara suna kallon bidiyo. Kira ɗaya bai cin ko kilobit 100 a daƙiƙa, amma murya ba ta jure jinkiri yadda bidiyo ke jurewa, ni kuma na rataya na'urar a jikin wani abin ƙara ƙarfin wayales. Da na ja mata waya kai tsaye daga rauta, na kuma ba ta fifiko a saitinsa, shi ke nan. Sannan kira yakan kaɗa kamar daƙiƙa 25 ne kafin ya faɗa akwatin saƙon murya, Inna kuwa da ciwon gwiwa ba ta isa falo cikin wannan lokaci. Na sayo tarho mara igiya mai kai biyu, ɗaya ya zauna a gefen dardumarta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Google Voice na mutum ɗaya ba ya kiran 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka. Ba ɓoye wannan aka yi ba. Yana rubuce a shafinsu, yana rubuce a takardar da ta zo da na'urar, na kuma karanta da idona. Na ce a raina ai kowa na da wayar hannu. Ban tsaya na tambayi kaina wane ne kowa ba a daren da nake wurin aiki, maigida yana hanyar Tennessee, wayar Inna kuma tana naɗe a ƙasan akwati.

Cikin hunturun 2017, wajen ƙarfe huɗu da rabi na dare, Inna ta tashi alwala, jiri ya kwashe ta a banɗaki, goshinta ya bugi bakin baho. Babbar 'yata, wadda Inna ke kira kishiya, tana da shekara tara a lokacin. Ta yi daidai abin da aka koya mata a makaranta: ta ɗauki tarho ta danna 911. Bai shiga ba. Ta sake, bai shiga ba. Sai ta danna 3 da tsani. Na ɗauka a farfajiyar wurin aiki, na ji muryarta tana rawa, "Mama, Kaka ta faɗi, akwai jini, kuma lambar ba ta yi." Na kira 911 da wayata, na ba su adireshi, na ce mata ta buɗe ƙofa ta kunna fitilar waje, ta danne wurin da tawul mai tsabta. Kafin in iso gida ma'aikatan agaji sun riga ni. Ɗinki biyar aka yi wa Inna, aka canza mata maganin hawan jini, ta kwana ɗaya a asibiti. Allah ya kiyaye. Amma na daɗe ina tuna cewa da ina ɗakin wani majiyyaci wayata tana aljihun jaka, yarinyar nan ba ta da abin yi. Tsohon layin da na yanke don in rage dala 35 da ya shiga tun dannawar farko, kuma adireshinmu ya fito a gaban mai amsa kiran ko da yarinyar ta kasa magana.

Gyaran bai kai kuɗin burodi ɗaya a wata ba, wannan ne ya fi yi mini ciwo. OBi200 tana ɗaukar layi har huɗu. Akwai ƙananan kamfanonin tarhon intanet da ke sayar da kiran gaggawa kaɗai, ka rajista adireshin gidanka, ka saita na'urar ta tura 911 ta layinsu, sauran kira su ci gaba da bin Google. A ranar da aka sallamo Inna na yi. Kamfanin da na zaɓa yana da lambar gwaji, 933, wadda ke karanto maka adireshin da ke rajista ba tare da ka dami masu aikin ceto ba. Na sa 'yata ta danna da hannunta, muka saurara tare har aka karanto lambar gidanmu da sunan titi. Wanda ya tashi daga gida kuma ya tuna ya canza adireshin, in ba haka ba tsohon gidansa za a tura mota.

Darasi na biyu guguwa ce ta kawo shi. A watan Oktoba na 2018 ragowar guguwar Michael ta ratsa yankinmu, itatuwa suka faɗa kan wayoyin lantarki, unguwanni da dama suka kwana cikin duhu. Tarhon jan ƙarfe na da daga ofishin kamfani yake samun wutarsa, bolt 48, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke wuta. Nawa kuwa abu huɗu ne ke jingine da soket: modem, rauta, na'urar, da gindin tarho mara igiya. Ɗaya ya mutu, duka sun mutu. Mu da muka tashi a Katsina mun san zama ba wuta, amma shekaru a Amurka sun sa na saki jiki. Bayan wannan na sayi batirin ajiya na kwamfuta na jona su duka, yana riƙe su 'yan awoyi. Na kuma sayo ƙaramar wayar hannu mai madannai, kullum tana caji a kan firji. A Amurka ko wayar da ba ta da layi tana kiran 911 muddin akwai sabis, sai dai ba za su iya kiranka ba idan ya katse.

Akwai kuma abin da ba ya hannun mai amfani. A tsakiyar 2018 Google ya canza hanyar da na'urori ke magana da shi. Tsofaffin samfura irin OBi100 da OBi110 ba su iya bi ba, tawa kuwa ta karɓi sabuntawa ta ci gaba. A farkon shekarar 2018 ɗin kamfanin Polycom ya sayi Obihai. An daina sayar da OBi200 a Disamba 2021, tallafinta ya ƙare a Disamba 2023. Ban ga abin zargi a nan ba. Shekara bakwai na yi ina kira ban biya Google kuɗin wata ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mini alkawarin abin zai dawwama. Sai dai ban yarda in jira ranar da Inna za ta ɗaga tarho ta ji shiru ba. Kafin wa'adin ya cika na sayi wata na'ura irinta mai suna Grandstream HT801, na ɗauki lamba mai arha a kamfanin nan da ke riƙe mana 911, na sa Google Voice ya riƙa tura duk kiran da ya shigo zuwa can. Masu kiranmu har yau tsohuwar lambar suke dannawa. Kiran da muke yi ne yanzu ake cira mana kuɗi kaɗan, jimillar wata ba ta kai rubu'in abin da muke biya da ba.

Idan wata ta tambaye ni ko ta yi, nakan fara tambayarta wa ke kwana a gidan idan ba ta nan. In tsoho ne ko yara, to ta haɗa kiran gaggawa da batir a rana ɗaya da na'urar, kafin ta yanke tsohon layi. In kuma gidan kowa na da wayarsa a hannu, wataƙila ba ta bukatar tarhon ma sam.

An yi wa Inna aikin ido, tana gani sosai yanzu, amma wayar shafawar tana nan inda ta ajiye ta. Gajerun lambobin na mayar da su cikin tarhon kansa, 2 dai ƙanwarta ce. Da ta idar da sallar asuba takan ja kan wayar daga gefen darduma, lokacin hantsi ya daɗe da dubawa a Katsina, an kusa ɗora tukunyar rana. Ina shigowa daga aiki ina cire takalmi nakan jiyo ta daga ɗaki tana tambaya ko an yi ruwa.