Kitsen Jinin Baba Ya Sauka

Alhamdulillah, sakamakon gwajin jinin Baba ya fito, kolestorol ɗinsa, wato kitsen jini, ya sauka. Likita ta ce ana so jimillarsa ta tsaya ƙasa da 200 mg/dL, ma'aunin da ake gwada shi da shi a jini, kuma yanzu ya kusa kaiwa can.

Rage man shanu ne ya fi ba shi wahala. Baba mutum ne da ba ya sa hannu a tuwo sai ya ga man ya narke ya kwanta a kan miyar kuka. Haka ya haƙura, ya bar kitsen tsire da fatar kaza. Manja ma kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga LDL, mugun kolestorol ɗin, sai Umma ta rage shi ta koma man gyaɗa, shi ma kaɗan.

Abin da ya fi burge ni shi ne wake da kuɓewa. Hanta tana amfani da kolestorol wajen haɗa ruwan maɗaciya. Harzar da ke cikin wake da yauƙin kuɓewa suna kama wannan ruwan a hanji su fita da shi, dole hanta ta janyo wani kolestorol daga jini ta sake haɗawa. Shi ya sa bai bar wake ba, sai dai alale ya maye gurbin ƙosai da ake soyawa a mai a karin kumallonsa, kifi gasasshe kuma ya shigo.

Maganin da likita ta rubuta masa yana nan yana sha, bai daina ba. 'Yan'uwa, ku kai iyayenku gwaji, domin wannan matsala yawanci ba ta nuna alama sai ta taɓa zuciya ko jijiyoyin jini.