Kalmar "yes" da ɗalibina ɗan ƙasar Sin

Sinawa ba baƙi ba ne a wajenmu nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Tun aikin madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda suka kammala a 1982, muke cuɗanya da su. Ni malamin Turanci ne, kuma bayan la'asar ina koyar da ɗaya daga cikinsu, mai shagon kayan babur. Faransancinsa na ciniki ya ishe shi a kasuwa, amma 'yan Najeriya da ke sauko masa daga Yola Turanci suke yi.

Kalmar da ta fi ba shi wahala ita ce "yes". Sinanci ba shi da kalma guda da ta tsaya daidai da ita. Idan an tambaye su "za ka je?", aikatau ɗin suke maimaitawa, su ce "qu", wato zuwa, ko "bu qu", wato rashin zuwa. Suna kuma da "dui", ma'ana haka ne.

Inda ake samun cikas shi ne tambayar korewa. Wani ɗan kasuwa ya ce masa, "The tyres haven't come?" Tayoyin ba su iso daga Duwala ba, sai ya amsa "yes", yana nufin gaskiyarka. Mutumin kuwa ya zaro kuɗi yana jiran a ɗora masa kaya. A Turanci amsar tana bin abin da ya faru ne, ba maganar mai tambaya ba: kaya ba su zo ba, to "no, they haven't".

Da na bayyana masa, sai ya ce, "Malam, ku yaya kuke cewa?" Na ce irin naku. Ka tambayi Bahaushe "ba su zo ba?", zai ce "e, ba su zo ba". Wannan ya faranta masa rai ƙwarai, ni ma haka, domin na san ciwon daga ciki. Faransanci ma ya ware "si" don musanta irin wannan tambaya, Turanci bai yi ba.

Akwai kuma "yes?" da ake ɗaga murya, wadda mai shago ke yi wa wanda ya shigo, wato me kake so. Wannan nan da nan ya kama.

Yanzu dokar ajinmu ita ce kada ya bar "yes" ko "no" tsirara idan maganar kuɗi ce. Sai ya cika jimlar, ko da mai saye yana sauri.