Keke Mai Batir a Sabon Garin Zariya

Asalina rewaya ne, gyaran wutar mota na koya a Sabon Gari. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, masu Keke Napep suka shiga wani hali. Direba ya wuni yana jigila tsakanin Kwangila da Samaru, gidan mai ya kwashe kaso mai tsoka tun bai cire balas ɗin mai keke ba. Abin da ya sa na fara sauke injin Bajaj da TVS ke nan, ina ɗora na lantarki.

Sauke inji ba wuya, yaran shago ma suna yi. A cire tanki da kafireta da salansa, a ɗaura injin lantarki da na'urar da ke raba masa wuta. Shi ke nan an rabu da juyen baƙin mai da canjin fulogi.

Batir shi ne ciwon kai, kuma shi ke cin mafi yawan kuɗin. Wasu kan nace a sa musu irin na ruwa don araha. Nauyi gare shi, kuma idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum, ba ya daɗewa. Na litiyam nake sa wa, mai bolt 60 ko 72, da allon da ke yanke wuta idan ya cika ko ya ɗau zafi. Zafin Maris da Afrilu ba ya raga wa batir, shi ya sa ba na yarda a jona caji da zarar keke ya dawo. Ya huce a inuwa tukuna. Direbobi kan yi tsaki, wai ina ɓata musu lokaci. Su yi.

Wutar gari ba abin dogaro ba ce, don haka sola na shimfiɗa a rufin shagon. Da hunturu ƙura kan lulluɓe farantan har cajin ya ragu, sai an goge kowace safiya. Matsalar ita ce, lokacin da rana ta fi bayar da wuta, lokacin direba ke neman fasinja. Saboda haka yanzu musanyen batir muke yi: direba ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin caji.

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) kan tambaye ni labarin motocin kamfanin Waymo da ke yawo ba direba a Amurka. Nakan ce da kyamara da radar da laser da kwamfuta suke karanta titi da danja. A fara kawo su unguwar PZ a nan Zariya ranar da 'yan acaɓa da masu baro suka cakuɗe, mu gani.