Asabar: Kawu, Miles Davis da almakashin Teo Macero

Yau tun bayan azahar nake gidan Kawu har dare ya yi, kuma kusan duk lokacin a musu ya tafi. Ƙanena ne ya jawo. Kawu ya ɗora faifan jaz na mabushin ƙaho Miles Davis, Kind of Blue na 1959, ya jingina da kujera ya lumshe ido, shi kuwa yaron ko minti biyar bai bari an yi ba ya ce, “Kawu, in wannan ya ƙare don Allah a sa mana Bitches Brew.”

Shi ma faifan Miles ne, amma wanda ya gauraya jaz da rok. Kawu ya buɗe ido ɗaya ya dube shi. “Kai yaro, jaz muke ji a nan. Haɗin gambiza kuma sai ka koma ɗakinka.”

Ra'ayin Kawu na san shi tun ina ƙarami. A wurinsa Miles Davis ya gama aikinsa a 1968, lokacin da ƙungiyarsa ta mutum biyar ta watse: shi da Wayne Shorter da Herbie Hancock da Ron Carter da Tony Williams, wanda ya shigo yana ɗan shekara 17 yana dukan ganga kamar ya shekara arba'in a kai. Duk abin da ya biyo baya, in ji Kawu, neman kuɗin matasan rok ne. Hujjarsa kullum ita ce 1970, shekarar da Miles ya yarda ya riƙa buɗe wa mawaƙan rok fage a dandalin Fillmore. Mutumin da ya yi busa tare da Charlie Parker, gwarzon salon jaz da ake kira bibof, a ce shi ne mai share wa wasu hanya? Wannan abin har yau yana ci masa rai.

Ƙanena ya ce ai ko bibof ɗin da Kawu yake girmamawa, sa'ad da ya fito manya sun ƙi shi, har Louis Armstrong ya yi masa ba'a. Gaskiya ne, amma hujja ce mai arha. Don an taɓa ƙin abu mai kyau ba shi ne ya sa duk abin da aka ƙi ya zama mai kyau ba. Na faɗa masa haka, ya harare ni.

A ƙarshe dai aka sa faifan Bitches Brew ɗin. Ni na fi son in saurara da in yi surutu, kuma abin da na ji ya ƙara tabbatar mini cewa su biyun ba a kan ainihin maganar suke faɗa ba. Kawu yana ƙorafin lantarki, wai fiyano mai lantarki ba ta da rai, jitar John McLaughlin kuma hayaniya ce. To amma ka kasa kunne da kyau. An naɗi kiɗan nan a New York cikin kwana uku na watan Agustan 1969, da masu ganga biyu, masu bas biyu, da fiyano biyu wani wurin uku, kuma ba wanda yake taka ƙafar wani. Chick Corea ya jefa abu, Joe Zawinul ya amsa daga ɗaya gefen, Bennie Maupin yana can ƙasa yana gurnani da babbar kilarinet ɗinsa, sai ƙahon Miles ya keto ta tsakiya kowa ya ba shi hanya. In jaz shi ne makaɗa su riƙa jin juna suna ƙirƙira nan take, to ga shi nan, lantarki bai rage masa komai ba.

Inda abin yake da wuyar karewa shi ne aikin Teo Macero, wanda ya shirya faifan. Abin da muke ji ba haka aka kaɗa shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Macero ya ɗauki tef ya yanka, ya liƙa, ya maimaita wasu gaɓoɓi. A In a Silent Way ma, wani faifan Miles da Macero ya shirya, ɓangaren da ya buɗe kowane gefen faifan shi ne aka sake liƙawa a ƙarshensa, naɗi ɗaya ne ake ji sau biyu. Da na kawo wannan, Kawu ya miƙe zaune, murna ta kama shi: “Ka ji ko! Ɗinki ne, ba busa ba.” Na bar shi ya gama jin daɗinsa, sannan na ce, “Allah ya huci zuciyarka Kawu, Brilliant Corners na makaɗin fiyano Thelonious Monk fa, wanda kake cewa babu kamarsa? Shi ma babban kiɗan cikinsa daga naɗi daban-daban aka harhaɗa shi a 1956, don ya gagari makaɗan su kai shi ƙarshe a zama ɗaya.” Ya yi shiru, can ya ce wancan gyara ne, wannan kuwa ƙira ce. Na daɗe ina juya amsar nan, kuma ina ganin tana da nauyi. Wanda ya harhaɗa na Monk so yake ya fito da abin da Monk ya rubuta. Macero kuwa ya gina siffar da babu ita kafin ya sa almakashi. Sai dai ni ban ɗauki hakan aibi ba, ɗaya daga cikin makaɗan na ɗauke shi.

Daga nan hira ta watse zuwa yaran gidan Miles, don kusan duk manyan ƙungiyoyin gaurayen jaz daga hannunsa suka fito: Weather Report ta Zawinul da Shorter, Mahavishnu Orchestra ta McLaughlin, Return to Forever ta Corea, da Hancock mai Head Hunters na 1973. A nan ni da ƙanena muka raba gari. Shi gudu yake so, wanda ya fi saurin yatsa shi ne gwaninsa. Ni kuwa yawancin abin da aka yi a ƙarshen shekarun 1970 gajiyar da ni yake yi, kowa na nuna bajinta, ba mai sauraron ɗan'uwansa. Jaco Pastorius na cire shi daga ciki, don bas a hannunsa waƙa take yi. Abin mamaki, Kawu ma ya yarda da Jaco, ko da yake cewa ya yi yaron ya faɗa cikin mugayen abokai.

Abu ɗaya ne ya haɗa kanmu mu uku, wato Kenny G, mabushin saksofon mai sassauƙan jaz na kasuwa, wanda ba wanda ya tsaya masa.

Kafin mu tashi Kawu ya sake ba da labarin da yake so, na bikin jaz na Vancouver a 1986, inda Wynton Marsalis ya hau dandali da ƙahonsa ba tare da an gayyace shi ba, Miles ya tsayar da kiɗa ya kore shi. Kawu mutumin Marsalis ne a aƙidar riƙo da jaz na gargajiya, amma duk sanda ya zo wurin korar sai ya yi dariya har da tafi, Miles yake goyon baya bai sani ba.

Mako mai zuwa shi zai zaɓi faifai, kuma ya riga ya ce kiɗan mabushin saksofon John Coltrane na 1965 zuwa gaba zai sa mana, ya ga ko masu son hayaniya za su iya zama har ƙarshe.