Asabar da dare: na kalli Rambo na biyar da yaran Yaya

Da na dawo daga kasuwar Sabon Gari bayan la'asar, na tarar da 'ya'yan Yaya sun zo mana hutu Tudun Wada. Babban cikinsu ya turo Rambo na biyar a wayarsa, ya ce, "Kawu, Mama ta ce kai ne sarkin kallon Rambo, yau sai mun kalla tare." Bayan isha'i muka haɗa da talabijin muka zauna.

Gaskiyar Yaya ce. Muna yara, kuɗin tara muke ɓoyewa mu shiga gidan kallo, mu zauna kan benci cikin zafi, ba ma jin Turanci, amma mun san akto mun san bos. In ya ɗaura jan ƙyalle a goshi sai ɗakin ya kaure da ihu. Har yau ina jin wannan daɗin a ƙirjina. Mutum ɗaya, ba ya jiran umarni, ba ya cika takarda, an zalunci wani sai ya tashi ya tafi. Duk wanda ya taɓa kai ƙara aka ce masa ya dawo gobe ya san abin da ke jan zuciya a nan.

Sai da na girma na sake kallon na farko, na 1982, na ga ashe ba fim ɗin kisa ba ne. Tsohon sojan Biyetnam ne ya je neman abokinsa, ya tarar ya rasu, ɗan sandan wani ƙaramin gari ya wulaƙanta shi don kawai bai yi masa kama da mutumin kirki ba. A fim ɗin gaba ɗaya mutum ɗaya aka nuna ya mutu, shi ma faɗowa ya yi daga jirgi mai saukar ungulu. A ƙarshe Rambo durƙushewa ya yi yana kuka a gaban kanal ɗinsa. Wannan kukan shi ne fim ɗin. Daga na 1985 zuwa na 1988 da ya je Afganistan, da na 2008 a ƙasar Bama (Myanmar), sai aka ajiye ciwon mutumin aka koma ƙirga gawa. Kowane sabo dole ya fi na baya jini, tunda an riga an san akto ba zai mutu ba, ba sauran fargaba.

Na yau, na 2019, Stallone, wanda ke fitowa a matsayin Rambo, yana da shekara 73 a lokacin. Masu safarar mata a Meziko sun sace yarinyar da ya riƙe kamar 'yarsa. Ya je ya ɗauko ta, ta cika a mota kafin su iso gida. Abin da ya biyo baya ramuwa ce zalla a cikin ramukan da ya haƙa a gonarsa, har sai da na riƙa tura wasu wuraren gaba saboda yaran. Ya kashe su duka, yarinya dai tana kabari.

Ana cikin haka ƙaramin, ɗan shekara tara, ya juyo ya ce, "Kawu, me ya sa ba a kai shi dajin Birnin Gwari ba?"

Na rasa ta cewa. Tunanina ya tafi ga fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kwashe ranar 28 ga Maris, 2022, waɗanda na ƙarshensu sai Oktoba suka fito. Na tuna maƙwabcinmu da aka ɗauke a gona. Ba wani jarumi da ya shiga daji. Gona aka sayar, aka yi karo-karo a masallaci, mata suka cire 'yan kunne, wani bawan Allah ya ɗauki buhun kuɗin a babur yana karanta duk addu'ar da ya sani. Ya dawo da shi ƙafafu a kumbure, kuma har yau in babur ya tsaya ƙofar gidansa da dare sai ya firgita.

Na ce wa yaron fim ne kawai, ya je ya kwanta. Bai gamsu ba, na gani a idonsa. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo na farko in kalla da babban.