Shekara 35 Tsakanin Fayil da Fayil

A 1984 aka ɗauke ni aikin gwamnati a Bauchi, akawu a mataki na 04. Sojoji ba su daɗe da karɓe mulki ba, ana tsakiyar yaƙi da rashin ɗa'a, wanda duk ya makara sai ya tarar an ja layi a ƙarƙashin littafin sa hannu. Rajista aka tura ni, ɗakin da babu mai son zama saboda ƙura. Babban akawunmu, wani dattijo mai goro a baki kullum, ya ga na jefar da fayil a ƙasa, ya ce, "Yaro, ɗauke shi. Mutum ne ka yar." Na yi dariya a raina. Sai bayan shekara 13 na gane abin da yake nufi.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro sababbin jihohi 6, Gombe na cikinsu. Mu 'yan asalin can aka ce mu tattara mu koma gida. Murna ba a cewa komai, amma aikin ya sha wuya. Fayiloli muka cusa a buhuna, aka loda a babbar mota, muka bi ta Alƙaleri. Lokacin Joseph Orji ne kantoman soja, mu kuwa mutum biyar a tebur ɗaya, tafireta ɗaya, kujera ta wanda ya riga zuwa ce.

A shekarar da ta biyo baya wata mata ta fara zuwa neman haƙƙin mijinta, direba ne da ya rasu yana bakin aiki. Ba a ga fayil ɗinsa ba. Na ce ta dawo mako mai zuwa. Ta dawo, na sake faɗa. Haka muka yi wata uku, kuma Allah ya sani ko sau ɗaya ban tashi na duba ba. Wata ranar Litinin ta zo da goyo, ta tsuguna a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, akuyata na sayar nake kuɗin mota daga Kumo. Yau kuɗin ya ƙare." Ba ta ɗaga murya ba. Na karɓi makullin sito, na kwance buhunan da ba a taɓa ba tun zuwanmu. Kafin azahar na ciro shi, gara ta ci gefe ɗaya, amma takardar ɗaukar aiki tana nan. Aikin awa biyu na ja mata wata uku.

Daga ranar na daina cewa "dawo gobe" sai in na san abin da zan yi kafin goben.

Abu na biyu da aikin ya koya mini, kada ka sa hannu a kan umarnin baki. Wani maigidana ya taɓa cewa in wuce da takardar biyan wata kwangila da ban ga aikinta ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini a fayil, sai in bi." Bai rubuta ba. Ni ma ban tsira ba, an mayar da ni wani lungu, ƙarin girmana ya makara. Amma da masu binciken kuɗi suka zo, ni barci na yi har da minshari.

Na yi ritaya a 2019 a mataki na 14, don doka ta ce shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga. Da na je bin garatutina, a benci na zauna kamar kowa. Wani matashin akawu ya ɗago daga wayarsa ya ce, "Baba, ba a ga fayil ɗinka ba, ka dawo wani satin."

Na ce, "Ɗana, makullin sito yana wurin wa? Tashi mu je, na san yadda ake nema."